Ɗakina ya cika, kaina ya cika, sallar ma a guje nake yin ta: ta ina zan fara?

"Assalamu alaikum Anti. Dan Allah shawara nake nema. Shekarata 34, aurena shekara 11, yarana uku, muna zaune a ciki da falo na haya a Kano. Da safe ina koyarwa a firamare, da yamma ina saida atamfa da turaren wuta ta waya. Wallahi Anti ji nake kamar an ɗora min dutse a ƙirji. Ɗakina ya cika da kaya har inda zan shimfiɗa sallaya sai na ture wani abu, kaina kullum cikin lissafi yake, in na kwanta barci baya zuwa sai wajen ƙarfe ɗaya, sallah kuma a guje nake yi, wani lokacin ban ma san raka'a nawa na yi ba. Ba ciwo nake ba, kuma maigidana baya cutar da ni. Kawai ji nake babu inda zan numfasa. Ta ina zan fara?"

Wa alaikumus salam ƙanwata, sannu da ƙoƙari, Allah ya raya miki zuri'a. Na karanta saƙonki har sau uku kafin na ɗauki waya na fara amsa miki. Kin kawo kuka uku, na ɗaki da na kai da na sallah, amma a yadda na fahimta abu ɗaya kike faɗa min, wuri ya ƙare miki. Kinga Bahaushe kalma ɗaya yake amfani da ita, in ɗaki ya matse ya ce yana da ƙunci, in rai ya matse ya ce yana cikin ƙunci, haka in an tambaye shi me ya hana shi zuwa ya ce bai samu sarari ba. Toh sararin nan ne kika rasa ta ko'ina, kuma tambayarki ita ce ta wace ƙofa za ki fara nemo shi.

Na yi fiye da shekara 20 ina aikin nas a ɓangaren masu lalurar ƙwaƙwalwa da damuwa, yanzu kuma yawancin aikina zama ne da mata irin ki muna tattaunawa. Zan gaya miki abin da na sani da abin da na gani da idona, amma ki riƙe cewa ban gan ki ba, ban auna jininki ba, ban ji muryarki ba, dan haka wannan shawara ce, ba gwajin asibiti ba. Akwai wurin da zan ce miki ki je a duba ki, in mun zo wajen dan Allah kar ki tsallake shi.

Abin da na fi son ki kama tun daga farko shi ne sarari ba a ƙaro shi, cire wani abu ake yi ya bayyana. Mata da yawa in sun zo wajena da irin kukanki sun riga sun gwada ƙari, an ƙaro wani sif ɗin dan a zuba kaya, an shiga wani sabon aji ta waya, an ɗauki alkawarin nafila raka'a kaza duk dare, bayan sati biyu sai su ga nauyin ya ninka kuma ga jin laifin sun kasa. Ke ba ƙari kike buƙata ba yanzu.

Yadda aka yi ɗakin ya cika

Ba ƙazanta ba ce kuma ba lalaci ba ne, ki fara cire wannan daga ranki. Ki tuna gidan kakarki. Akwai zaure, akwai tsakar gida mai faɗi, hatsi yana rumbu, girki a waje, wanki a waje, hira a waje a kan tabarma, ɗaki na kwana ne da jere. Ita ma tana da kwalla da tasoshi har kusa da rufi, amma ba a cikinsu take yini ba. Mu kuma mun ɗauko kayan aure irin nasu, mun ma ninka, gado da sif da madubi da kujeru da shokes da setin tukwane da kuloli da akwatunan lefe, muka cusa su a ciki da falo wanda tsakar gidansa ta mutum biyar ce ko shida masu haya. Sai shekara 11 ta biyo baya, suna uku da kayan barka, ankon bikin da aka sa sau ɗaya, robobi da kofuna da jakunkuna masu hoton amarya da ango da ake rabawa a wajen biki, kayan yaran da suka yi musu kaɗan, fankar da ta lalace ana jiran mai gyara tun bara waccan. Sannan ga kayan sana'arki. Kullum shigowa ake, babu abin da yake fita, kuma dalilin rashin fitar ai mun san shi, Mama ce ta saya min, wata rana zai yi amfani, in dangin miji suka zo suka ga ɗakin wayam me za su ce.

Akwai wani bincike da aka buga a 2010, wasu masana biyu a jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjalis a Amurka, Darby Saxbe da Rena Repetti, suka bi ma'aurata 30 masu aiki kuma masu yara. Suka sa kowa ya zagaya gidansa yana bayanin yadda yake ganinsa, sannan suka riƙa auna wani sinadari a yawunsu da ake kira kotizol, wanda jiki ke fitarwa in yana cikin matsi. A ƙa'ida da safe yake yawa sai ya riƙa sauka har dare. Matan da suka kwatanta gidansu da tarkace da ayyukan da ba a gama ba, nasu baya sauka yadda ya kamata, kuma ransu ya fi ɓaci in yamma ta yi. Mutum kaɗan ne aka auna, kuma rayuwarsu ba irin tamu ba ce, amma ya yi daidai da abin da nake gani a nan. Duk abin da idonki ya sauka a kai a ɗakin nan magana yake miki, wannan yana cewa ki ninke ni, wancan ki kai ni gyara, wancan ba ki biya kuɗina ba. Kin dawo daga aji mai yara sittin suna kiran malama malama, kin shigo ɗakin da kaya ɗari ke kiranki su ma.

Toh kar ki ce ranar Asabar za ki fito da komai tsakar gida ki gyara ɗakin gaba ɗaya. Na ga masu yin haka, la'asar take yi musu suna zaune a tsakiyar kaya sun gaji, yara na kuka, a ƙarshe a maida komai yadda yake har da ƙarin haushi. Ki fara da wurin da ke da kanki kika ambata, inda kike shimfiɗa sallaya. Faɗinsa bai wuce tabarma ƙarama ba. Ki kwashe duk abin da ke wajen da abin da ke gabanki in kin fuskanci alƙibla, ki share, ki goge, ki sa doka wa kanki da yara cewa nan ba a ajiye komai, ko jakar makaranta, ko kwandon wanki, ko ledar kwastoma. Wannan kaɗai za ki yi a ranar farko. Na zaɓi nan ne saboda sau biyar za ki tsaya a wajen kullum, sau biyar idonki zai ga wuri ɗaya a gidan da babu abin da yake nema a wajenki.

Daga nan sai ki riƙa ɗaukar durowa ɗaya, ko akwati ɗaya, ko saman sif, minti 15 a rana, in lokacin ya cika ki tsaya ko ba ki gama ba. Ma'aunin da nake ba mata shi ne duk abin da damina biyu ta wuce ba ki taɓa shi ba, ba naki ba ne kuma, ajiyar wani kike yi. Mai kyau ki kira dillaliya ta saida miki ki zuba kuɗin a jari, ƙarafa da robobin da suka fashe 'yan jari bola na wucewa ta layinku kullum, sauran kuma ki duba danginku, da wuya a rasa yarinyar da aka sa ranar aurenta uban na ta zufa a kan kayan ɗaki. Setin kulolin da ke saman sif ɗinki shekara 11 cikin kwalinsu, a wajenta rufin asiri ne. Abin da mahaifiyarki ta saya miki kuwa, in tana raye kar ta ji a bakin wani, ki je ki same ta ki ce Mama kayan nan sun fi ƙarfin ɗakin, ina so na ba wance, ki sa min albarka. Yawanci iyaye sun fi mu sauƙi a wannan, mu ne muke jin nauyi.

Na san ba abu ne mai sauƙi ba dan na ɗanɗana. Da mahaifiyata ta rasu, Allah ya jiƙanta, rabona ya haɗa da kwallayenta da tangaran, na kawo su na jera a ɗakina har suka rufe rabin taga, shekara huɗu ina goge musu ƙura duk hunturu ina kuka, na kasa amfani da su kuma na kasa rabuwa da su. Ranar da na iya, na zauna na ɗauki ƙaramin kumbo guda ɗaya wanda take zuba goro a ciki, gefensa ya ɗan lotsa inda ya taɓa faɗuwa, har yau in na buɗe murfin ina jin kamar ƙanshin ɗakinta. Shi na riƙe. Sauran na raba wa 'yan mata uku a danginmu da niyyar ladan ya isa gare ta. Da aka janye su hasken safe ya shigo ɗakin har kan gado, kuma ban ji na rabu da ita ba ko kaɗan.

Tunda na ambaci taga, ki duba taku. A gidajen haya da yawa sif ne ko labule mai kauri ya toshe ta. Mutum biyar na kwana a ɗaki, ga maganin sauro na hayaƙi, ga turaren wuta da kike gwadawa kafin ki saida, ga zafin Afrilu, dole a tashi da ciwon kai da nauyin jiki. Ki buɗe hanyar iska, gawayi kar ya kwana a ɗaki a rufe, janareta kuma kar a ajiye shi a bakin taga ko a lungun da hayaƙinsa zai shigo, wannan hayaƙin yana kisa cikin barci. Kayan sana'a ki ware musu akwati ɗaya ko biyu a falo, kar su hau gadonki.

Lissafin da ke hana ki barci

Kin ce in kin kwanta kanki na ta lissafi. Ba wai kanki ya lalace ba ne, aikinsa yake yi. Tun 1927 wata masaniyar halayyar ɗan Adam mai suna Bluma Zeigarnik ta nuna cewa mutum ya fi riƙe aikin da bai gama ba a kan wanda ya gama. Ƙwaƙwalwa tana tsoron kar ki manta, shi ya sa da zarar gida ya yi shiru sai ta fara karanto miki, kuɗin makarantar babba, wadda ta karɓi atamfa turmi biyu ba ta turo ba, zubin adashi ranar Juma'a, makin jarrabawar da ba ki gama ba, gas ya kusa ƙarewa. Duk yini ba ki ba ta dama ba, sai ƙarfe sha ɗaya ta same ki.

Maganin da na fi ganin amfaninsa arha ne, ƙaramin littafi irin na ɗalibanki da biro. Bayan isha, kafin ki hau gado, ki zauna minti biyar ki juye duk abin da ke kanki a takarda. A 2018 an gwada wannan a jami'ar Baylor a Amurka da mutum 57, rabi suka rubuta ayyukan da ke gabansu, rabi suka rubuta waɗanda suka riga suka gama, masu rubuta na gaba suka riga sauran yin barci da kusan minti tara. Ba wani abin al'ajabi ba ne, amma ga wadda take juyi har ƙarfe ɗaya mafari ne. Ni nakan ce a raba shafin biyu. Gefe ɗaya abin da zan yi gobe, kuma a rubuta shi ƙarara, maimakon "bashi" ki rubuta "zan kira Maman wance bayan an tashi daga makaranta". Ɗaya gefen abin da ba a hannuna yake ba, tsadar kaya, lafiyar Baba, halin wata a gidan. Na farkon kin ba shi lokaci, na biyun kin san na addu'a ne. Bashin kwastomomi kuma ya samu nasa littafin daban, dan wallahi na ga mata da yawa da rabin rashin barcinsu lissafin bashi ne da suke riƙe da ka.

Sai waya. Ƙanwata ki lura da wani abu, ɗan kasuwar Kantin Kwari in yamma ta yi yana jan ƙofar shagonsa ya sa kwaɗo ya tafi gida. Ke shagonki a cikin wayarki yake, wayar kuma a ƙarƙashin filonki take kwana, kenan a cikin shago kike kwana. Ƙarfe sha ɗaya da rabi wata za ta turo "nawa ne wannan", ki amsa, ta ce a rage, ki yi ta jira, ba ta saya ba kuma ta tafi da barcinki. Ki sa wa shagon ƙofa. Ki rubuta a istatus ɗinki cewa kina amsa saƙo daga ƙarfe huɗu zuwa tara na dare, bayan haka sai gobe in Allah ya kai mu, ki sa wayar caji a falo. Za ki ji tsoron kwastoma za su gudu, kaɗan za su yi ƙorafi a satin farko, amma mai son kayanki za ta jira safiya. Babba yana buƙatar barcin awa bakwai ko fiye, ke kuma daga ƙarfe ɗaya zuwa asuba awa huɗu kike samu, kuma da wannan ɗin kike tsayawa gaban aji.

Ki ƙirga guruf nawa kike ciki a WhatsApp. Wata da na sa ta ƙirga a gabana ta samu 41, na dangin uwa, na dangin uba, na 'yan ajinsu na sakandare, na bikin da aka gama shekara biyu da ta wuce. Wanda ya gama aikinsa ki fita, wanda fita zai jawo magana ki kashe masa ƙara. Ki kuma hana wayar sauke bidiyo da kanta, saboda a halin da Arewa take ciki mutane na turo hotunan gawarwaki da na waɗanda aka sace ba tare da tunani ba, ki kalla da dare ki ce za ki yi barci, jikinki bai san a waya kika gani ba. Ki ji labarai a rediyo sau ɗaya a rana, ki yi wa mutane addu'a, ya isa.

Akwai kuma cikar da ba a ɗaki take ba kuma ba a waya ba, ita ce ta sabga. An ce zumunci a ƙafa yake, gaskiya ne, kuma ba zan taɓa ce miki ki yanke shi ba, mu da muke aikin nan mun san mace mai mutane ta fi saurin warkewa a kan wadda take ita kaɗai. Amma biki ɗaya yanzu kamu ne da dina da yini da kai amarya da buɗar kai, kowanne da ankonsa. Ki zaɓi ɗaya ki je da fuska a sake, ki ba da gudummawarki daidai ƙarfinki. Gaisuwar mutuwa da dubiya su ki ba su gaba. Ki koyi cewa "wallahi ba zan samu zuwa ba, Allah ya sanya alheri" ba tare da kin ƙirƙiro ciwon ƙarya ba. Lokacin da Salmanul Farisi ya ga Abud Darda'i ya takura kansa da azumi da tsayuwar dare, ce masa ya yi Ubangijinka yana da hakki a kanka, ranka yana da hakki a kanka, iyalinka suna da hakki a kanka, ka ba kowa hakkinsa, da labarin ya je wa Annabi (SAW) ya ce Salmanu ya yi gaskiya. Yana cikin Bukhari. A lissafinki na kullum kowa na samun nasa, ranki ne kawai ake cewa ya jira.

Tunda kin ce maigidanki mutumin kirki ne, ki yi amfani da wannan. Sai dai kar ki ce masa "na gaji" kawai, maza da yawa in sun ji haka ba su san me ake so su yi ba, sai su ce sannu. Ki nemi abu takamaimai, Abban su dan Allah ranar Asabar da safe ka tafi da su gidan Hajiya na awa biyu. In sun fita kar ki ɗauki tsintsiya. Ki kwanta, ko ki taka a ƙafa zuwa gidan wata da kike jin daɗin hira da ita. Babban ɗanki ko 'yarki kuma ya isa ninke kayansa da wanke kwanon da ya ci abinci.

Maganar sallah

Ni ba malama ba ce, hukuncin kokwanton raka'a da ƙabli da ba'adi ki kai wa malamarku ta islamiyya. Abin da zan iya magana a kai shi ne hankalin da yake guduwa, dan wannan ɓangarena ne. Mata na zuwa min suna kuka suna cewa imaninsu ne ya yi rauni, sai na tambaye su me suke yi minti ɗaya kafin kabbara, sai ka ji tana juya miya, tana amsa kwastoma, ta daka wa yaro tsawa, ta yi alwala cikin daƙiƙa talatin ta tada sallah. Hankali ba fitila ba ne da za a kashe nan a kunna can, in kin bar aiki a tsakiya wani ɓangare na kanki yana can tare da shi.

Addininmu ya san da wannan tun kafin mu karanta shi a makarantar koyon jinya. Nana A'isha ta ruwaito cewa Annabi (SAW) ya yi sallah da wani mayafi mai zane, da ya idar ya ce a kai wa Abu Jahm shi a karɓo masa nasa marar ado, saboda zanen ya ɗauke masa hankali a sallarsa. Ki duba fa, Manzon Allah ne, kuma abin da ya yi shi ne ya cire abin daga gabansa. Haka ya ce babu sallah in an kawo abinci, ko mutum yana jin matsuwar bayan gida. Wato a sallami abin da ke jan hankali tukuna. Kinga dalilin da ya sa na ce ki fara da wurin sallaya.

Kar ki ce daga gobe duk salloli biyar za su zama cikin cikakkiyar natsuwa. Ki zaɓi ɗaya, asuba kafin yara su tashi ko isha bayan sun kwanta. A wannan ɗayar ki sauke tukunya, ki bar waya a wani ɗakin, ki yi alwala a hankali kina jin ruwan a fatarki, ki zauna a kan sallaya minti biyu ba ki cewa komai, ki ja numfashi ki sake shi a hankali sau biyar ko shida har ki ji kafaɗunki sun sauko, sannan ki miƙe. Ki canza surorin da kika saba, dan wadda baki ya haddace sosai yana karanta ta ne kai na wani wuri. Ki gwada Alam Nashraha kina tuna ma'anarta, ai maganar buɗe ƙirji ce da sauke nauyin da ya danne baya. A ruku'u da sujada ki tsaya har gaɓoɓinki su zauna, wannan natsuwar ce Annabi (SAW) ya koya wa mutumin nan da ya ce wa koma ka yi sallah, ba ka yi sallah ba. In kin sallame kar ki zabura, ki yi tasbihinki 33 33 a zaune. Duka bai fi ƙarin minti bakwai ba. Hankalinki zai gudu, in kin lura ki dawo da shi ba tare da zagin kanki ba, zai sake gudu ki sake dawo da shi. Aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kai ko da kaɗan ne, dan haka ki bar maganar ƙarin nafiloli sai wannan ɗayar ta zauna. Matan Kirista da nake gani ma abin da nake gaya musu kenan game da addu'arsu ta safe.

Inda gyaran ɗaki da littafi ba za su isa ba

Nan ne wurin da na ce kar ki tsallake. Kin ce ba ciwo kike ba, ina fata haka ne, amma da yawa daga waɗanda na kula da su da wannan kalmar suka fara. In kin yi sati biyu ko fiye kusan kullum ranki a ɓace, abin da da yake miki daɗi yanzu baya yi, abinci ya fita ranki ko kina ci ba ƙoshi, kuka na zuwa ba dalili, kina jin ke ba ki da amfani, toh wannan ya wuce cikar ɗaki, yana iya zama ciwon damuwa, kuma ciwo ne kamar hawan jini, yana da magani. In ƙaramin ɗanki bai shekara ba ki faɗa wa likita, dan akwai damuwar da ke biyo bayan haihuwa. In kina maimaita alwala ko kabbara sau da yawa har lokaci ya fita kin kasa dainawa, shi ma a faɗa. In kuwa tunanin gara ki mutu ko ki cutar da kanki ya taɓa zuwa miki, yau ɗin nan ki gaya wa maigidanki ko wata da kika yarda da ita a kai ki asibiti, kar a jira.

Dutsen da kika ce kina ji a ƙirji ma ina so a duba shi. Ki je a auna hawan jini, a duba ƙarancin jini da suga da maƙoƙo, dan ƙarancin jini kaɗai yana sa mace gajiya da bugun zuciya da haki, kuma ya yi yawa a matanmu masu haihuwa. In nauyin na zuwa ne in kin yi tafiya ko kin hau bene, ko yana tafe da zufa da ɗaukewar numfashi, wannan na gaggawa ne. A Kano akwai ɓangaren masu damuwa a asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano, akwai asibitin Dawanau, masu karatu daga wasu wurare akwai na tarayya a Barnawa Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri. Zuwa can ba ya nufin hauka, yawancin masu zuwa da ƙafarsu suke zuwa su koma wajen aikinsu. Addu'a da ruƙya ba sa hana ganin likita, ki haɗa. Abin da nake roƙonki shi ne kar ki je kemis ki ce a ba ki maganin barci, kar kuma ki karɓi na ƙawa. Na ga matan aure masu mutunci da suka fara da ƙwaya ɗaya dan su samu barci, ko kwalbar maganin tari mai kodin kafin gwamnati ta hana shi a 2018, fitar da su daga ciki ya ɗauki shekaru.

Zan kuma gaya miki gaskiya, duk abin da na faɗa ba zai faɗaɗa ciki da falo ba, mutum biyar a ɗaki biyu matsi ne ko an kwashe rabin kayan, kuma ba zai rage kuɗin shinkafa ba. Ba zan ce ki bar koyarwa ko sana'a ba dan ban san me ke riƙe da gidanku ba. Wani ƙuncin na rashin kuɗi ne, kuma ba laifinki ba ne. Abin da na gani dai shi ne macen da ta samu barcin awa shida zuwa bakwai da sallah ɗaya a natse tana fuskantar matsalar da ba ta canza ba da wani irin ƙarfi daban.

Yau da daddare ki share wurin sallayar, ki nemo littafin, ki kai wayar falo ƙarfe tara. Cikin satin nan ki je a auna jinin. Bayan sati biyu ki sake rubuto min ki gaya min ƙarfe nawa barci yake ɗaukarki yanzu da abin da awon ya nuna, daga nan sai mu ga ko za mu taɓa saman sif ɗin ko kuma likita za ki fara gani. Ki gaida min yaran.